Aikin Jinya a Najeriya: Me Ya Sa Ƙarin Ɗalibai Kaɗai Ba Zai Cike Giɓin Ba

A watan Fabrairun 2024, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta fitar da sabbin ƙa'idoji waɗanda suka ce duk ma'aikacin jinyar da ke son a tantance takardunsa domin neman aiki a ƙasashen waje sai ya shafe shekara biyu yana aiki bayan samun lasisinsa. Ba a ɗauki lokaci ba ma'aikatan suka fito zanga-zanga a ofisoshin hukumar da ke Abuja da Legas, suna cewa gwamnatin da ta kasa ba su aiki da albashin kirki ba ta da hurumin tare musu hanya. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya kare matakin da alƙaluman da suka girgiza mutane: ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, kuma sama da 15,000 daga cikinsu a shekarar 2023 kaɗai suka tafi. Majalisar Wakilai ta sa baki, wasu ma'aikatan suka garzaya kotu, daga baya kuma aka sake buɗe hanyar tantancewar.

Tun daga wannan taƙaddama, kusan duk muhawarar da ake yi a kan aikin jinya ta tsaya ne a kan adadi, wato nawa suka tafi kuma nawa za a yaye su maye gurbinsu. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce su wane ne suke tafiya. Asibitocin Birtaniya da Saudiyya da Kanada sun fi son wadda ta yi shekaru a ɗakin tiyata, ko ɗakin kula da jariran da aka haifa bakwaini, ko sashen wankin ƙoda, ko ɗakin masu matsanancin rashin lafiya. Waɗannan kuwa su ne ya kamata nan da shekara goma su zama shugabannin sassa a asibitoci, su zama malamai a kwalejojin koyon jinya, su kuma zama masu binciken da za su faɗa wa gwamnati abin da ke faruwa a bakin gadon mara lafiya. Saboda haka ƙarancin ma'aikata da raunin shugabanci da ƙarancin bincike, waɗanda ake yawan lissafa su a matsayin matsaloli uku, a zahiri jijiyarsu ɗaya ce, kuma kowace tana ciyar da sauran biyun.

Ba Najeriya kaɗai ke fama da ƙarancin ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Mayun 2025 ya nuna cewa akwai ma'aikatan jinya miliyan 29.8 a duniya a shekarar 2023, amma duk da haka akwai giɓin miliyan 5.8, kuma mafi yawan giɓin yana Afirka da yankin gabashin Bahar Rum. Ƙasashe masu arziki, inda tsofaffi ke ƙaruwa kuma ma'aikatansu ke ritaya, suna cike nasu giɓin ne da ma'aikatan da ƙasashe matalauta suka horar da kuɗinsu. A rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, Najeriya ce ta uku bayan Indiya da Filifin a yawan waɗanda suka yi karatu a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ta fitar a shekarar 2023, waɗanda ta ce bai kamata a riƙa zuwa ana zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba, tare da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan. Sai dai jerin bai hana ma'aikaci ya nemi aiki da kansa ba, kuma a zamanin da ake cike takarda ta intanet daga cikin ɗaki, wannan kariya ba ta da wani ƙarfi.

A arewacin Najeriya akwai wata hijirar da ba a cika ƙirgawa ba, alhali ita ce ta fi taɓa talaka. Ma'aikaciyar da ke ƙaramin asibiti a ƙarƙashin ƙaramar hukuma burinta ta koma babban asibitin jiha, ta jiha tana neman gurbi a asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya saboda albashin can ya fi tsoka kuma ya fi zuwa a kan kari, ta tarayya kuma idonta na kan ƙungiyoyin agaji ko ƙasar waje. Duk lokacin da wani ya tashi daga Kano ko Zariya zuwa Landan ko Jidda, gurbin da ya bari yana jawo wani daga ƙasa, a haka a haka har giɓin ya gangaro ƙauye, inda ba wanda za a jawo. Rashin tsaro ya ƙara hura wutar wannan gudu. Kisan da aka yi a 2018 wa Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Muhammad Liman, ungozomomin da aka sace a Rann ta jihar Borno, ya nuna wa kowace ma'aikaciya irin kasadar da ke tattare da karɓar aiki a wasu wurare, kuma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai ƙananan asibitocin da ma'aikata suka ƙaurace musu saboda 'yan bindiga.

Sakamakon yana bayyana a ɗakin haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a hannun ƙwararren ma'aikaci, kuma a arewa maso yamma kashi 16 cikin 100 ne ake yi a asibiti. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne. An saba ɗora laifin a kan al'ada da hana mata zuwa asibiti, kuma akwai gaskiya a ciki, amma macen da aka ɗauko a kan babur cikin dare tana zubar da jini ko tana jijjiga, aka tarar da asibitin a kulle domin ungozoma ɗaya tak ke akwai kuma ta tashi tun la'asar, ba za a ce mata ta ƙi asibiti ba.

Dalilan tafiyar ba ɓoyayyu ba ne. Albashi shi ne na farko, musamman bayan da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023, har ya zama abin da ma'aikaciya ke samu a wata guda a Birtaniya ya ninka nata na gida sau da yawa ko bayan an cire kuɗin haya da haraji. Har zuwa ƙarshen 2021, alawus ɗin kasada da gwamnatin tarayya ke biyan ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata, ga mutanen da ke taɓa jinin masu zazzaɓin Lassa da amai da gudawar masu kwalara. Amma wanda ya zauna da ma'aikatan zai ji cewa kuɗi ba su ne kaɗai ba. Za su yi maganar aikin dare da mutum ɗaya ko biyu ke yi a ɗakin da ke cike da gadaje, da rashin safar hannu da iskar shaƙa, da ɗauke wuta a tsakiyar aiki, da 'yan uwan mara lafiya da ke huce haushinsu a kan nas domin ita ce ke gabansu, da kuma ganin cewa bayan shekara ashirin na aiki ba za a tambaye su ra'ayi a kan yadda ake tafiyar da asibitin ba.

Amsar da gwamnatin tarayya ta fi mayar da hankali a kai ita ce ƙara yawan ɗalibai. A ƙarƙashin ministan lafiya Muhammad Ali Pate an ɗaga adadin gurabun karatu daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, a 2025 kuma aka sanar da cewa ya haura 100,000. Ba a raina wannan mataki ba, domin ƙasar da yawan jama'arta ya wuce miliyan 200 tana buƙatar ma'aikata fiye da waɗanda take yayewa. Sai dai ba a koyon aikin jinya a aji kawai. Ɗaliba tana koyon sa allura a jijiya, da gane numfashin yaron da ke neman ƙwacewa, da juya wanda ya daɗe a kwance don kada ya yi gyambo, a ƙarƙashin idon wadda ta riga ta ƙware. Idan aka ninka ɗalibai sau uku a daidai lokacin da ƙwararrun ke ficewa, za a wayi gari ɗalibai talatin sun kewaye gado ɗaya suna leƙe, kuma takardar shaidar da za a ba su ba za ta yi daidai da abin da hannunsu ya iya ba. Sannan ga wani abin mamaki da ma'aikatan ke yawan nunawa: a ƙasar da ake kukan ƙarancin ma'aikatan jinya, akwai dubban waɗanda suka gama karatu suna zaune ba aiki, ko suna aiki a asibitoci masu zaman kansu a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, saboda jihohi ba sa ɗauka, asibitocin tarayya kuma sai sun jira izini daga Abuja kafin su maye gurbin wanda ya tafi. Ƙara ɗalibai ba tare da buɗe guraben aiki ba tamkar zuba ruwa ne a randar da ta tsage, sai dai a nan an san wanda ke tare da ƙwarya a ƙasa.

An taɓa gwada hanyoyin da suka fi dacewa da arewa. Shirin tura ungozomomi karkara da aka ƙaddamar a 2009 ya kai sabbin ungozomomi da waɗanda suka yi ritaya ƙananan asibitoci, amma ya raunana lokacin da jihohi da ƙananan hukumomi suka gaza biyan nasu kason na alawus da samar da masauki. Wani shirin kuma da Birtaniya ta tallafa daga 2012, a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka ya ba su karatun share fage domin su cika sharaɗin shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa alƙawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Hikimar wannan tsari ita ce, yarinyar da iyayenta da mijinta ke ƙauyen ta fi zama a can fiye da baƙuwar da aka turo daga birni, kuma mata sun fi sakin jiki da wadda suka san gidansu. Inda aka sha samun cikas shi ne bayan yayewa, lokacin da ake jiran gwamnatin jiha ta ba su takardar ɗaukar aiki.

Wannan ya kawo mu ga batun shugabanci, domin duk waɗannan shawarwari, daga yawan guraben aiki zuwa rabon ma'aikata tsakanin birni da ƙauye, ana yanke su ne a teburin da ba kasafai ake samun ma'aikacin jinya a kansa ba. Abin lura shi ne ba haka aka faro ba. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas da ke Landan, ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1964, ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayya a 1965, sannan ta riƙe kwamishinar lafiya ta jihar Legas a shekarun 1970. Amma dokar soja ta 1985 da ta sake tsara hukumomin asibitocin koyarwa ta keɓe kujerar shugaban asibiti ga likita, kuma tun daga 2009 aka raba tsarin albashi gida biyu, ɗaya na likitoci, ɗaya kuma na sauran ma'aikatan lafiya baki ɗaya. Daga nan ne gabar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta yi ƙamari, har gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yayale Ahmed domin sasanta su, amma yajin aikin ɓangarorin bai tsaya ba.

Yajin aikin gargaɗi da ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka fara ranar 30 ga Yulin 2025, suka kuma janye bayan kwana huɗu, ya fito da wannan fili. Ban da ƙarin alawus na aikin dare da na kayan sawa da ɗaukar sabbin ma'aikata, cikin manyan buƙatunsu har da kafa cikakken sashen kula da aikin jinya a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da kuma buga tsarin aikinsu a jaridar gwamnati, tsarin da aka amince da shi a Minna tun 2016. Wato rukunin da ya fi kowane yawa a cikin ƙwararrun ma'aikatan lafiya ya shafe kusan shekara tara yana jiran a buga takardar da aka riga aka sa wa hannu. A ganina kuskure ne a fahimci wannan a matsayin neman ƙwace kujerar likita. Likita yakan zagaya ɗaki ya duba mara lafiya na 'yan mintoci ya rubuta magani, nas kuwa ita ke tare da shi dare da rana, ita ta san ko an ba da maganin, ko akwai shi ma a asibitin, ko kuma 'yan uwa sun kasa saye. Shugabancin da ke tsara kasafi ba tare da wannan sani ba yakan sayi na'ura mai tsada ya bar ɗakin haihuwa babu fitila.

Adalci ne kuma a faɗi cewa wani ɓangare na raunin daga cikin gida yake. Ƙarin girma a aikin jinya ya fi dogara ne da yawan shekaru, don haka akan ɗora mutum a kan shugabancin sashe ba tare da an taɓa koya masa tsara kasafi ko rabon aiki ko kare buƙata a gaban hukumar asibiti ba. Akwai kuma tsohuwar tsama tsakanin waɗanda suka fito daga makarantun jinya na asibiti da masu digirin jami'a, inda na farko ke ganin na biyu ba su iya aikin hannu ba, na biyu kuma ke ganin na farko ba su da zurfin karatu. Haka nan koke-koken da mata ke yi na tsawa da wulaƙanci a ɗakin haihuwa ba ƙage ba ne, kuma ko da yake gajiya da yawan aiki na daga cikin sababin hakan, shugabannin sana'ar za su fi samun goyon bayan jama'a idan suka riƙa hukunta masu yi maimakon kare su.

Bincike shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali da shi aka kafa aikin jinya na zamani. Florence Nightingale ta shawo kan gwamnatin Ingila ne da alƙaluma, bayan ta nuna cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke jawowa sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji a yaƙin Kirimiya na shekarun 1850. A 2002, binciken da Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka ya gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana ƙara yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100. A 2014 aka maimaita irinsa a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka samu sakamako makamancin haka, aka kuma ga cewa mace-mace na raguwa a inda masu digiri suka fi yawa cikin ma'aikatan jinya. Irin waɗannan hujjoji ne ƙungiyoyin jinya a can ke ajiyewa a gaban 'yan majalisa idan suna neman a ƙayyade yawan marasa lafiyar da za a ɗora wa mutum ɗaya.

Ma'aikacin jinya a Najeriya idan ya je gaban gwamna ko kwamishina, yawanci da alƙaluman Amurka da Turai yake zuwa, kuma abu ne mai sauƙi a ce masa can daban, nan daban. Dalilin ƙarancin namu binciken yana cikin tarihin karatun. Jami'ar Ibadan ta fara digirin aikin jinya tun 1965, amma shekaru da yawa bayan haka mafi yawan ma'aikata daga makarantun da ke maƙale da asibitoci suke fitowa, inda ake koyar da aiki da biyayya ba tare da koyar da yadda ake tsara tambaya a tattara hujja ba. Jami'o'in arewa irin su Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri yanzu suna da sassan koyar da aikin jinya, tsoffin makarantun kuma ana mayar da su kwalejoji masu ba da babbar difloma, amma masu digiri na uku da za su duba aikin ɗalibai har yanzu kaɗan ne, kuma su ma suna cikin waɗanda ake zawarci daga waje. Dokar 2011 ta asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta ambaci jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi ne, don haka makarantun jinya da ke ƙarƙashin ma'aikatun lafiya sun daɗe a wajen wannan tallafi. Abin da ya rage shi ne binciken cika sharaɗin kammala karatu, wanda galibi tambayar mutane ne me suka sani game da wata cuta, a ɗaure shi da bango a ajiye a kan kanta.

Tambayoyin da ke jiran amsa kuwa suna nan a kowane ɗakin kwanciya. A asibitocinmu 'yan uwa ne ke yin babban kaso na jinya: su ke wanke mara lafiya, su ciyar da shi, su juya shi, su sayo magani, su kwana a baranda, su kuma ruga su kira nas idan ƙarin ruwa ya ƙare. Littattafan da aka rubuta a Turai ba su san da wannan tsari ba. Idan aka koya wa mai jinya alamomin haɗari biyar cikin harshen Hausa a ranar da aka kwantar da ɗan uwansa, rayuka nawa hakan zai ceta? Yara nawa ma'aikaciya ɗaya za ta iya kulawa da su a lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika gadaje, kafin mace-mace su fara hauhawa? Tun 2014 da aka amince da manufar miƙa wasu ayyukan ungozoma ga jami'an lafiya na al'umma, a wane irin aiki suka yi daidai da ungozoma, a wane kuma suka gaza? Me ke sa ma'aikaciya ta zauna a ƙauye shekara biyar: alawus ne, ko gida, ko makarantar 'ya'yanta, ko tabbacin za a ba ta damar ƙaro karatu? Bayanan da za a amsa da yawa daga cikin waɗannan suna cikin manyan littattafan rajista da ma'aikatan jinya ke cikewa da hannunsu kullum, waɗanda ake tura jimillarsu sama ba tare da wani ya dawo musu da abin da aka gano ba.

A watan Agustan 2024 shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan hijirar ma'aikatan lafiya, wadda ta yi maganar kyautata yanayin aiki, da ba da ƙarin alawus ga masu aiki a karkara, da ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke ɗaukar ma'aikatanmu domin su taimaka wajen horar da wasu. Wannan ya fi yunƙurin toshe hanya da aka yi a watan Fabrairu hankali, domin ƙasar Filifin ta daɗe tana sarrafa fitar ma'aikatanta ta hanyar hukumomi da yarjejeniyoyi, ko da yake ita ma asibitocinta na karkara suna kuka. Sai dai manufar ta tarayya ce, alhali manyan asibitocin jihohi da ƙananan asibitocin da talaka ke zuwa suna hannun gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, kuma ba wata doka da ta tilasta musu ɗaukar ma'aikata ko biyan albashi daidai da na tarayya. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, kasonta ya fi yawo ne a wajen kashi biyar. Ɗaliban da aka ɗiba da yawa tun daga 2023 sun kusa fara fitowa, kuma kasafin jihohin Kano da Katsina da Sakkwato da sauransu na shekaru biyu masu zuwa ne zai nuna ko an tanadar musu gurabe a asibitoci, ko kuwa layin masu neman tantance takardu a Abuja za su shiga.